Sandar Hammata da Lahanin Jijiyar Jinin Hannu: Abin da Ke Jiran Waɗanda Shan Inna Ta Nakasa a Karkarar Arewacin Kano

Tsakure

Takardar ta dubi wani lahani da ba a cika sako shi cikin zancen shan inna ba, wato lalacewar babbar jijiyar jinin da ke ratsa hammata a jikin mutumin da ya shekara da shekaru yana rataye da nauyinsa a kan sandar guragu. Ta bayyana yadda lahanin ke samuwa, da abin da ya sa yanayin ƙasa da na sana'a a ƙananan hukumomin arewacin Kano ke ƙara masa ƙarfi, da yadda ake ruɗa shi da wasu cututtuka. Matsayin takardar shi ne, yaran da cutar ta nakasa tsakanin 2003 da 2008 suna dosar shekarun da wannan lahani ke bayyana, kuma kafintan da ke haɗa sandar da ma'aikacin lafiya na mazaɓa sun fi likitan tiyata damar tare shi.

Gabatarwa



Ranar 24 ga Yuli 2014 ce rana ta ƙarshe da aka samu yaron da ƙwayar shan inna ta asali ta nakasa a Jihar Kano, a ƙaramar hukumar Sumaila. Bayan shekara shida, ranar 25 ga Agusta 2020, aka ba yankin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya shaidar rabuwa da wannan ƙwaya. An yi murna, kuma murnar ta cancanta. Sai dai duk wannan lissafin sababbin kamu ne. Wanda cutar ta riga ta taɓa, shaidar ba ta mayar masa da ƙafa ba. Yana nan a Dambatta da Makoɗa da Kunchi da Bichi da Tsanyawa da Minjibir, yana tafiya a kan itace biyu.

Yawansu kuwa ba kaɗan ba ne. Gwamnatin Jihar Kano, a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ta dakatar da rigakafin a 2003 saboda zargin da ake yi wa maganin, ba a koma ba sai a Yuli 2004, da maganin da aka sayo daga Indunusiya. Shekarun da suka biyo baya sun yi muni. A 2006 an tabbatar da kamuwar yara fiye da 1,100 a Nijeriya, a 2008 kusan 800, Kano kuma tana sahun gaba a jihohin da abin ya fi shafa. Waɗannan yara yanzu samari ne da 'yan mata, wasu har sun yi iyali. Gabansu akwai yayye da iyaye da suka kamu tun shekarun 1970 da 1980, kafin a fara bin diddigin cutar gida-gida. Ga kuma waɗanda hatsarin babur ya raba da ƙafa, da waɗanda ɗaurin maɗori ya matse har ƙafar ta mutu aka yanke, da masu ciwon suga, da masu amosanin jini waɗanda kan ƙashin cinyarsu ya lalace. Duk wanda ya rasa ƙafa, hannunsa ne ƙafarsa. Saboda haka lafiyar wannan hannu ta cancanci a zauna a kanta.

A takardar nan, in an ce jijiyar jini ana nufin wadda ke ɗauko jini daga zuciya zuwa gaɓɓai. In ana nufin mai mayar da shi, ko jijiyar laka mai kai saƙon motsi da ji, za a fayyace.

Hanyar jini daga ƙirji zuwa yatsu

Jinin da ke zuwa hannu babbar hanya ɗaya yake bi. Jijiyar na fitowa daga ƙirji, ta bi ƙarƙashin ƙashin wuya, ta tsallake haƙarƙari na farko, ta shiga hammata, sannan ta gangara ta cikin dantse har gwiwar hannu, inda take rabuwa biyu. Ɗaya ta bi ɓangaren babban yatsa, ita ce ake taɓawa a wuyan hannu a ji bugu. Ɗayar ta bi ɓangaren ƙaramin yatsa. A farkon tafiyarta tsokar ƙirji ta lulluɓe ta. Amma a ƙarshen hammata, daf da shiga dantse, ba abin da ya raba ta da waje sai fata da ɗan kitse, ƙashin dantse kuma yana manne da ita ta ɗaya gefen. Daidai nan kan sanda ke sauka idan mutum ya saki nauyinsa. Jijiyar sai ta shiga tsakanin itace da ƙashi.

Bangon jijiyar hawa uku ne: shimfiɗar ciki mai santsi wadda ke hana jini daskarewa, da ta tsakiya mai tsoka da zaruruwa masu talewa su koma, da ta waje. Matsa ɗaya ba ta yi mata komai. Igiyar guga ma ba rana ɗaya take yi wa itacen bakin rijiya gurbi ba. Amma mutumin da ke taku dubbai kullum, shekara 20 ko 30, kowane taku da matsarsa, ɗayan abu biyu na iya samunsa. Ko dai shimfiɗar ciki ta yi tabo ta yi kauri, hanyar ta ƙuntace har gudan jini ya toshe ta. Ko kuma zaruruwan tsakiya su tsintsinke, bangon ya saki, jijiyar ta kumbura ta yi jaka, abin da likitoci ke kira aniyurizim.

Mutane da sun ji an ce jijiya ta kumbura, tsoron fashewa ke fara zuwar musu. A wannan wuri fashewa ba ta da yawa. Haɗarin yana cikin jakar ne, inda jini ke juyawa a hankali ya daskare a jikin bango. Duk sa'ad da sanda ta danna wurin, sai ta ɓantaro ɗan guntu, jini ya tafi da shi ƙasa. Babban guntu kan maƙale a mararrabar gwiwar hannu, hannun ya yi sanyi ƙalau nan take, da zafin ciwo mai hana barci. Ƙananan kuwa sai su wuce su toshe ƙananan jijiyoyin tafin hannu da yatsu, ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru, mai hannun bai sani ba. Waɗannan ne suka fi ban tsoro, domin babbar jijiya ana iya ɗinke ta ko a yi mata maye, amma ta cikin yatsa in ta toshe ta daɗe, wuƙar likita ba ta da abin yi.

Jiki kansa yana taimakawa wajen ɓoye ciwon. Akwai ƙananan rassa da suka kewaye allon kafaɗa, waɗanda ke buɗewa su ɗauki jini idan babbar hanya ta toshe sannu a hankali. Shi ya sa mutum zai iya yawo da toshewa cikakkiya, abin da yake ji kawai shi ne hannun na saurin gajiya.

Sandar ba jijiyar jini kaɗai take yi wa illa ba. Jijiyoyin laka da ke tafiya tare da ita su ma suna matsuwa, har wuyan hannu ya langaɓe mutum ya kasa ɗaga shi. Wannan ya fi yawa, ya fi saurin bayyana, kuma sau da yawa yana warkewa in an gyara sandar. Jijiya mai mayar da jini ma na iya toshewa, hannu ya kumbura ya yi nauyi. A tafin hannu kuma, mariƙin sanda na iya raunata jijiyar jinin ɓangaren ƙaramin yatsa.

Abin da likitoci suka riga suka rubuta

Lahanin ba sabo ba ne a ilmin likitanci. Harry Platt, likitan ƙashi na Manchesta a Ingila, ya rubuta a kan toshewar jijiyar hammata saboda matsin sanda tun 1930. Brooks da Fowler sun rubuta irinsa a Amurka a 1964, Abbott da Darling na Boston kuma suka yi rubutu a kan kumburin jijiyar a 1973. Daga nan rahotanni suka ci gaba da fitowa jefi-jefi. Labarin kusan iri ɗaya ne: mutum ya kamu da shan inna yana yaro, ya yi gomman shekaru da sandar hammata, wata rana ya zo asibiti da hannu mai sanyi da ciwo, ko da yatsa da ya fara baƙi.

Dole a faɗi gaskiya cewa waɗannan rahotanni na ɗaiɗaikun marasa lafiya ne, kuma mafi yawan masu amfani da sanda ba za su kai ga wannan ba. Amma akwai dalilin da ya sa ciwon ya yi ƙaranci a littattafan da ɗalibanmu ke karantawa. Ƙasashen da ke rubuta littattafan sun ci ƙarfin shan inna bayan fitowar rigakafin Salk a 1955 da na Sabin a farkon shekarun 1960. Guragunsu sun tsufa, da yawa sun koma kan keke ko sandar da ke kama zira'i, sandar hammata ta zama ta mai karaya wanda zai ajiye ta bayan mako shida ko takwas. Mu kuwa annobarmu ta ƙarshe ta zo ne kusan shekara 50 bayan tasu. Abin da likitocin Boston suka gani a 1973, a ganina, mu a shekarun 2030 da 2040 za mu fi ganinsa.

Sanda a kan jigawa

Tun 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka bayyana ƙasar da ta kewaye birnin Kano da cewa yanki ne mai cunkoson manoma, inda ake nome gona kowace shekara ba hutu, ana ciyar da ita da takin gida da jakuna ke kaiwa a mangala. Polly Hill ta ƙara bayani a littafinta na 1977 bayan binciken da ta yi a Ɗorayi. Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda irin wannan zama ke tsara tafiyar gurgu. Gidaje a warwatse suke cikin gonaki. Tsakanin gida da masallaci, da rijiya, da bakin titi, 'yar turba ce siririya tsakanin shinge da shinge, ƙasar kuma jigawa ce mai yashi. Keken guragu mai ƙafa uku, irin wanda ƙungiyar masu shan inna ta Kano ƙarƙashin Aminu Ahmed Tudun Wada ta yi suna wajen ƙerawa, yana da amfani ƙwarai a kan kwalta da cikin kasuwa. A burtali mai rairayi tayarsa nutsewa take, da damina kuma in gero ya rufe hanya ba ta inda zai bi. Don haka mutumin ƙauye, ko yana da keke, sandar ce abokiyar tafiyarsa ta kullum.

Wa ke yin sandar? Galibi kafintan kasuwa. Abin da na saba gani shi ne, ya tsayar da mutum ya jingina da bango, ya sa tef ko igiya ya auna daga cikin hammata har ƙasa, ya yanko katako biyu sirara, ya haɗe su a ƙasa, ya buga gicciye a sama, ya buga mariƙi a tsakiya da ƙusa inda idonsa ya ba shi, ya naɗe gindin da robar tsohuwar taya. Aiki ne mai kyau da ƙarko, kuma ba laifinsa ba ne da ya auna har cikin hammata, tunda a tunaninsa, da na mai sandar, da na duk mai kallo, hammata ce ke ɗaukar nauyin. Ƙa'idar kuwa ba haka take ba. Idan mutum ya tsaya sosai, ya kamata a samu tazarar yatsu biyu zuwa uku, kimanin santimita 5, tsakanin kan sanda da hammata. Mariƙin ya zo daidai wuyan hannu in an saki hannun ƙasa, ta yadda gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwasa digiri 20 zuwa 30. Kan sandar jikin haƙarƙari yake jingina don kada ta zame, nauyin jiki duka a tafin hannu yake sauka.

Ko da an yi sa'a awon ya yi daidai ranar farko, yaro girma yake. Sandar da aka buga da ƙusa ba ta da ramukan ƙari ko ragi. Ta gajarce, sai ya rusuna ya kwanta a kanta. A ba shi ta wansa ko ta wani da ya rasu, ta yi masa tsawo, ta caki hammata kafaɗunsa su ɗage sama. Sandunan alminiyam masu ramukan gyara, waɗanda ake rabawa a wajen taron tallafi, su ma sau da yawa yadda suka fito daga leda haka ake miƙa su, a ɗauki hoto a watse, ba wanda ya durƙusa ya daidaita noti.

Sai maganar soso. Wanda hammatarsa ta yi kanta ko ta goge, abin da zai fara yi shi ne ya naɗe kan sandar da soso da tsumma, ya ɗaure da robar tub. Ciwon fatar sai ya lafa. To amma abu biyu sun faru: sandar ta ƙara tsawo da kaurin naɗin, kuma zafin da ke tuna masa ya ɗaga jikinsa ya tafi. Yanzu zai iya kwanciya a kanta da daɗi, nauyin kuma bai ragu da ko kilo ɗaya ba, jijiyar ce ke karɓarsa. Sanda mai naɗi tuli guda alama ce da ya kamata ta sa ma'aikacin lafiya ya duba hannun mai ita.

A dubi mutum yana tsallaka gonar da aka yi wa huɗa. Ƙafarsa mai ƙarfi tana cikin kwari, ya jefa sandunan gaba, gindinsu ya sauka a kan kunya. A wannan taku sandar ta ƙaru da tsawon kunyar gaba ɗaya, sai ta soki hammata da ƙarfi daidai lokacin da yake lilo da jikinsa. Taku na gaba gindin ya faɗa cikin yashi mai laushi ya nutse, jikin ya rufta ƙasa ya faɗo a kan gicciyen. Awon da aka yi a kan simintin asibiti bai san da wannan ba. Mai koyar da tafiya da sanda a birni yana koyar da hawa matakalar bene. Manomin Bagwai ko Gabasawa tsallake kunya yake bukatar a koya masa, wato ya bi kwari a tsaye in da hali, in kuma dole ya gitta, sanda da ƙafa su sauka a bigire ɗaya.

Babban dalilin rataya kuwa, wanda masu faɗa wa gurgu ya daina jingina ba su cika lura da shi ba, shi ne bukatar hannu. Mai riƙe da sanda biyu ba shi da hannun yin komai. In zai ƙirga canji a teburinsa, ko ya amsa waya, ko ya ɗaure akuya, ko ya gaisa da mutane bayan sallar Juma'a, dole ya saki mariƙi ya maƙale a hammata. Mace in za ta sauke tukunya, ko ta shanya wanki, ko ta gyara goyo, haka za ta yi. Wannan ne ma ya sa mutane ke son sandar hammata fiye da kowace iri. Cewa kawai a daina ba zai yi aiki ba, sai an haɗa da kujera mai tsawo a wurin sana'a da jaka mai rataya a wuya.

Shekaru kuma ba sa taimakawa. Bayan shekara 15 zuwa 40 da kamuwa, wasu masu shan inna kan fuskanci sabon rauni da gajiya a tsokoki, har da waɗanda a da ake ganin lafiyarsu ƙalau. Jiki ya ƙara nauyi, tsokar bayan dantse da ke miƙe gwiwar hannu ta rage ƙarfi, kafaɗa ta fara ciwo. Wanda yana saurayi a tafin hannu yake tafiya, yana kaiwa 40 sai a ga ya koma hammata. Masu dogara gora ɗaya doguwa da hannu biyu, waɗanda su ma suna da yawa a ƙauyuka, sun tsira daga wannan lahani na hammata, tasu matsalar a kafaɗa da baya take.

Yadda ake ruɗa ciwon

Hannun da ke sanyi da sagewa, a ƙauye sunansa sanyi ko amosani. Za a sha jiƙo, a shafa man zafi, a je kemis a karɓo maganin kashe ciwo. Da hunturu kowa yatsunsa na sanyi, don haka ba wanda zai kula cewa na wannan mutum hannu ɗaya ne, kuma bazara ta zo bai yi ɗumi ba. Ga irin tambayar da ke fito da zancen, a ƙaddara ma'aikacin lafiya ne da wani dattijo:

"Baba, wane hannun ne ya fi saurin gajiya in kun yi nisa?"

"Na daman nan, ɗana. Kafin in kai masallaci sai na tsaya na yarfa shi."

"Da sanyi kaɗai, ko har yanzu da ake zafi?"

"Ai ko yanzu taɓa ka ji, yatsun kamar ba nawa ba."

Daga nan sai yatsu biyu a wuyan hannun dama, biyu a na hagu, a kwatanta bugun. A auna jini a hannu biyun. Bambancin da ya kai maki 20 a lambar sama abin tuhuma ne. A lalubi hammata da saman dantse ko akwai ƙullutu mai bugawa tare da zuciya. Littattafai na cewa hannun zai yi fari ko shuɗi, amma a fatarmu ba a bayan hannu ake ganin haka ba, a tafi da ƙarƙashin farce ake dubawa: a danna farcen a saki, in jan bai dawo cikin daƙiƙa biyu ba, jini ba ya isa. Duk wannan bai fi minti biyar ba, kuma ba ya bukatar wutar lantarki.

Ƙullutun nan shi ne inda na fi jin tsoro. Kumburi a hammata, ga kowane Bahaushe, kaluluwa ce ko maruru, kuma hanyarsa sananniya ce: a kira wanzami ya tsaga ko ya kafa ƙaho. Idan jijiya ce ta kumbura, askar da ta shige ta ta buɗe babbar hanyar jinin hannu ne, a wurin da ba a iya ɗaurewa ta sama a tsayar da zuba. Ba wanzami kaɗai ba, ma'aikacin asibitin ƙauye mai son taimako shi ma yana iya ɗaukar wuƙar tsaga ƙurji. Jakar da ta cika da gudan jini wani lokaci bugunta ba ya fitowa sosai. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce, kumburin hammata a jikin mai sandar hammata ba a sa masa ƙarfe sai an yi masa hoto.

A babban asibiti ma akwai tarko. Mafi yawan gudajin jinin da ke toshe hannu farat ɗaya daga zuciya suke zuwa, musamman ga mai bugun zuciya marar tsari ko wanda ƙofofin zuciyarsa suka lalace. Likita na iya zaro gudan daga gwiwar hannu, bugu ya dawo, a sallami mutum da maganin tsinka jini, ba a duba hammata ba. Ya koma kan sandarsa, bayan 'yan watanni ya dawo da toshewa ta biyu wadda ta fi ta farko muni. Sandar da ke jingine a gefen gadon marar lafiya tana cikin tarihin ciwonsa, kuma tunda biyu yake riƙewa, ɗayan hannun ma sai an duba shi.

Tiyata da nisanta

Maganin ciwon sananne ne. Hoton sikanin mai nuna gudun jini ya isa ya gano kumburi ko toshewa. In toshewar ta gaggawa ce, ana ba da hefarin a zaro gudan da siririn bututu mai balan-balan a kai, wanda Thomas Fogarty ya fito da shi a 1963. Sannan a yanke ɓangaren da ya lalace a maye shi da jijiya mai mayar da jini da aka ciro daga ƙafar mutumin, ko da bututun roba na musamman. Idan an yi da wuri, sakamakon na da kyau.

Da wuri kuwa yana nufin kimanin awa shida, domin bayan haka tsoka da jijiyar laka da jini ya yanke musu sun fara mutuwa. Irin wannan aiki na manyan asibitocin birni ne, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988. A ƙaddara ciwon ya tashi da tsakar dare a wani ƙauyen Kunchi, cikin Agusta. Sai gari ya waye, sai an gwada na gida, sai an nemo kuɗi da mota, sai an biya ta asibitin ƙaramar hukuma an karɓi takarda. Awa shida ta daɗe da wucewa. Ko an dace an yi aikin, mutumin zai yi makonni bai dogara da wannan hannu ba, wato ba tafiya ba sana'a, kuma in ya koma tsohuwar sandarsa, abin da ya ci jijiyar farko zai ci wadda aka dasa. In ba a dace ba aka yanke hannun, mai ƙafa biyu ya rasa hannu ne. Shi kuwa ya rasa fita, ya rasa kasuwa, har zagayawa bayan gida sai an ɗauke shi.

Kafinta, ma'aikacin lafiya da rajistar da aka riga aka tara

A takarda ba a bar mu a baya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sandunan guragu cikin jerin kayan taimako 50 mafi muhimmanci da ta fitar a 2016. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci a Janairu 2019, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Amma doka ba ta auna tazarar yatsu uku. Wanda zai auna ta shi ne kafinta, kuma abin da yake bukata bai fi horon yini ɗaya ba: ya rage santimita 5 daga awonsa, ya huda ramuka a jere a gindin sandar da wurin mariƙi, ya sa noti maimakon ƙusa domin a riƙa gyarawa yayin da yaro ke girma, ya faɗaɗa gindin don kada ya nutse a yashi. Sashen gashi da na ƙera ƙafar roba na Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959, da malaman gashi na Jami'ar Bayero suna da ilmin da za su bayar. Kafintocin da ke wannan aiki a kowace ƙaramar hukuma ba su da yawa, kuma Sarkin Guragu na kowane gari ya san su da sunansu. Wanzamai ma suna da sarkinsu, saƙonsu kuma jimla ɗaya ce: kumburin da ke bugawa ba a tsaga shi.

Nemo masu bukatar dubawa ba zai yi wuya ba. Yaƙin shan inna ya bar mana abin da wasu cututtuka ba su samu ba. Shekara da shekaru jami'an sa ido na ƙananan hukumomi suna rubuta duk yaron da bai kai 15 ba wanda gaɓarsa ta saki farat ɗaya, da mazaɓarsa da gidansu, a ɗauki samfurin bayan gidansa zuwa ɗakin gwaji. Matan da suka bi gida-gida suna wayar da kan iyaye sun san waɗannan gidaje, masu unguwanni da dagatai ma sun sani. An tara wannan sani ne don farautar ƙwayar cuta, ana gama binciken kowane yaro sai a rufe fayil. Hukumar kula da lafiya matakin farko ta jiha za ta iya buɗe shi ta sa a duba bugu da awon jinin hannu biyu na duk mai sanda sau ɗaya a shekara, a duba sandar ita ma, a fara da waɗanda suka haura shekara 15 suna riƙe da ita.

Saura tambayar da ake yawan yi: me zai hana a mayar da kowa kan sandar zira'i, wadda ba ta taɓa hammata? Ga wanda zai iya, ita ce ta fi, kuma masu walda da ke ƙera keken guragu ba za su kasa ƙera ta ba. Amma tana bukatar ƙarfin dantse da na ƙugu, tana da wuyar sarrafawa a rairayi, kuma wanda ya shekara 30 da wani salon tafiya, in aka canja masa rana ɗaya faɗuwa zai yi. Yara da matasa ne ya kamata a fara da su. Dattijon da hannunsa ya riga ya raunana, abin da zai fi yi masa amfani shi ne a rage wa hannun kaya: a gyara tsawon sandar da ya saba da ita, a yi masa takalmin ƙarfe mai riƙe gwiwa domin ƙafar da ta shanye ta ɗauki wani kaso na nauyin, doguwar tafiya zuwa kasuwa kuma a bar wa keke ko amalanke.